Kujerar Baya

Da yammacin wata Juma'a a farkon Nuwamba, bayan na tashi daga makaranta, na biya shagon Gordy don in sayi kyamarar da ruwa ba ya ɓatawa. Rana ta kusa faɗuwa. Shagon yana warin tsutsar fatsa da gahawar da ta daɗe a kan wuta, kamar kullum.

"A'a, Malama Ilona, ashe ana ganinku," in ji Gordy. 'Ya'yansa uku duk ni na koyar da su lissafi, shi ya sa har yau Malama yake kirana. "Idan ƙarar ɗan autana kika kawo, ya yi aure, ki kai wa matarsa."

"Kyamara nake so. Irin wadda ake ɗaurawa a kayak, ɗan kwale-kwalen nan namu."

Ya ajiye kofin da ke hannunsa. Babu wanda bai sani ba a garinmu cewa mijina Reino ya nitse a tafkin madatsa bara, kuma ba a ga gawarsa ba. A ƙarƙashin tafkin akwai daji guda da ruwa ya cinye lokacin da aka yi madatsar, itatuwan suna nan tsaye. Masu ninƙaya sun yi kwana tara suna nema, suka haƙura.

Gordy ya ciro kyamara uku da ya ce duk ruwa ba ya shigarsu, ya jera a kan kanta.

"Mutuminki ya yi wata shida yana zuwa yana jujjuya su, sai ka ce mai zaɓen amarya," ya ce. "Wannan tana jure ruwa har ƙafa talatin, ba sai an sa mata gida ba. Wannan batirinta yana da juriyar sanyi. Waccan kuwa ta 'yan gayu ce. Tana da ɗan gilashi a gaba, mutum ya riƙa kallon kansa yana kama kifi."

"Wacce yake so?"

"Ta 'yan gayun. Ya ce zai kafa ta a goshin jirgi ta kalli baya. Wai shekara ashirin da biyu kina zaune a gabansa, ba ki taɓa ganin fuskarsa ba in kifi ya kuɓuce masa."

"Na dai sha jin bakinsa."

Gordy ya yi dariya, ni ma na ɗan yi. Gaskiya Reino ya faɗa. Kayak ɗinmu mai kujera biyu ne. Marar nauyi a gaba yake zama, mai nauyi a baya, kuma na bayan shi ke sarrafa jirgi. Duk fitar da muka yi, murya ce kawai a bayana, da ƙanshin alewar tari da yake tsotsa. Ni na hana shi sayen kyamarar. Na ce ba na son a riƙa ɗaukar fuskata ina jan majina cikin sanyi.

Na ce a ba ni mai gilashin. Gordy yana sa ta a leda ya tambaye ni da wa zan fita.

"Ni kaɗai."

"To ki zauna a baya, ki ɗora jarkokin ruwa a gaba. Kin fi ni sani." Ya riƙe ledar bai saki ba. "Malama, sanyin ruwan nan yanzu minti goma ya ishe shi ya gama da mutum."

Na fi shi sani kuwa. Ranar da Reino ya tafi, takardun jarrabawa nake dubawa. Sau ɗaya tak a shekara ashirin da biyu na ce masa ya je shi kaɗai. Bai ɗora komai a kujerata ba. Goshin jirgin ya yi sama, iska ta same shi yadda take so.

Washegari Asabar na isa bakin tafkin wajen ƙarfe uku da rabi. Kifin da muke nema sai rana ta yi ƙasa yake cin ƙugiya. Babu motar kowa sai tawa. Ba neman gawa na je ba, na daɗe da cire rai. So nake in yi masa abin da na hana shi, ko sau ɗaya, in ya so in sayar da jirgin.

Na cika manyan jarkoki uku. Na kafa kyamarar a tsakiyar goshin jirgi daidai, har da awo da yatsu, don ni ba na son abu a karkace. Na sa rigar hana nitsewa na ɗaure. Sannan na tsaya kusa da kujerar baya.

Matashin kujera da Reino yake zama a kai yana nan, ya lotsa ta gefen hagu, yadda yake karkata saboda ciwon ƙugunsa.

Na kasa zama.

Na san kuskure ne. Na ɗauki jarkokin ɗaya bayan ɗaya na jera su a kujerarsa, na ɗaure da igiya, na koma kujerata ta gaba. Na danna kyamarar. Wata 'yar jar fitila ta kama, fuskata ta fito a ɗan gilashin da bai wuce faɗin akwatin ashana ba. Kaina ya rufe tsakiyar hoton. Ta gefen kafaɗuna ana hango shuɗin jarkoki kaɗan.

Tuƙi daga gaba wahala ne. Reino ya fi jarkokin nauyi, don haka bayan jirgin bai zauna sosai ba. In na ja dama ya kauce hagu, in na ja hagu ya kauce dama. Haka na yi ta fama har na wuce tsibirin duwatsu, na jefa fatsa, na ajiye filafili a kan cinyata.

Iska ta kwanta. Ruwan ya yi sumul, baƙi ƙirin. Hazo ya fara tasowa daga bakin daji, siriri, yana rarrafe a kan ruwa. Can nesa wani yana saran itace, sai kuma ya daina.

Na yi kusan awa guda ban samu ko taɓi ba. Ina kallon zaren fatsa, wani lokaci in kalli fuskata a gilashi. Na yi magana da kyamarar kaɗan, yadda masu irin wannan ɗaukar suke yi. Na faɗi kwanan wata. Na kira shi da sunan da nake tsokanarsa da shi, na ce, "Ga kyamararka nan, injin baya. Na saya." Muryata ta yi mini wani iri a kan ruwan, na yi shiru.

Da rana ta shiga bayan itatuwa na naɗe fatsa zan koma.

A nan ne bayan jirgin ya zauna.

A hankali ya yi ƙasa, kamar yadda yakan yi in Reino ya shigo daga gaɓa ya gyara zama. Goshin ya ɗan ɗaga. Robar kujerar baya ta yi ƙara, ƙiii, ta gefen hagu.

Na ce a raina jarka ce ta goce.

Na sa filafili na ja sau ɗaya. Jirgin ya tafi sak, bai kauce ba. Na sake ja. Sak. Rabon da ya yi mini irin wannan tafiya shekara guda ke nan.

Na ɗaga filafilina daga ruwa. Ruwa yana ɗiga daga bakinsa, ɗis, ɗis.

A bayana wani filafili ya shiga ruwa.

Dama. Hagu. Dama. Ja mai tsawo, ba gaggawa. Filafili ɗaya na zo da shi, kuma ga shi a hannuna.

Sai ƙanshin alewar tari. A ƙarƙashinsa akwai wani wari, na taɓo da ruɓaɓɓen itace, irin wanda ke biyo anga, ƙarfen tsayar da jirgi, in an ɗago ta daga ƙasan tafki.

Tsigar jikina ta tashi, amma ba zan yi ƙarya ba, ba tsoro ne ya fara zuwa mini ba. Daɗi na ji. Idona ya cika da hawaye, na zauna ana tuƙa ni kamar da.

"Ilona."

Ƙasa-ƙasa, daidai bayan kunnena. Muryarsa ce, har da 'yar dusashewar nan.

"Reino?"

"Juyo."

Duk wanda ya taɓa zama a kayak ya san ba a juyowa. Inda kai ya tafi, nan jirgi yake bi. Ranar farko da Reino ya sa ni a jirgi abin da ya fara koya mini ke nan, kuma bai fasa maimaitawa ba har muka tsufa: kanki a tsakiya, Malama.

Na kalli gilashin kyamara.

Ga fuskata, fara fat. Ta gefen kafaɗata ta dama, inda shuɗin jarka yake ɗazu, yanzu akwai wani abu mai duhu, mai faɗi, kamar kafaɗar mutum cikin jiƙaƙƙiyar riga. Ta hagu ma haka. Fuskar kuwa kaina ya rufe ta. Ni na kafa kyamarar a tsakiya da hannuna.

In na karkata kaɗan, zan gan shi.

"Juyo in gan ki."

"Ba zan iya ba. Ka sani."

"Na yi kewarki."

Na karkata kaina dama. Kaɗan. Jirgin ya bi ni. A gilashi na ga gefen wani abu fari, kamar kunne.

Na ƙara.

Ruwa ya haura gefen jirgi ya zubo mini a cinya. Sanyinsa ya yanke mini numfashi. Na dawo tsakiya da sauri, jirgin ya yi tangal-tangal, ya daidaita.

Sai a lokacin na duba inda muke. Tsibirin duwatsu ya ɓace a hazo. Kawunan matattun itatuwa sun fara leƙowa daga ruwa, dama da hagu, baƙaƙe, masu tsini. Nan ne aka tsinci jirginmu a kife bara.

Ba gida ake kai ni ba.

"Saura kaɗan ki gan ni," in ji muryar. "Ƙara."

"Idan kai ne," na ce, haƙorana suna haɗuwa, "ka kai ni gaɓa."

Filafilin baya ya tsaya.

Shiru. Ko tsuntsu babu.

Wani abu mai sanyi ya taɓa wuyan rigata ta baya. Bai ja ba. Ya dai kwanta a wurin, ruwa yana gangara daga gare shi yana bin gadon bayana.

Na sa filafili a ruwa.

Ban san inda gaɓa take ba. Hazo ya rufe komai, duhu yana shigowa. Na ja kawai. Jirgin ya yi nauyi kamar an ɗaure shi da dutse. Kowane ja sai na sa ƙarfina duka, kafaɗuna suna zafi.

"Sau ɗaya kawai."

Na ja.

"Ke kika bar ni na zo ni kaɗai."

Wannan ta same ni. Hannuna ya mutu. Na ji wuyana yana son juyawa da kansa, kamar ana murɗa shi a hankali. Na kafa idona a kan 'yar jar fitilar, na ciji leɓena har na ji ɗanɗanon jini.

Na ja.

Wani kututture ya gogi gefen jirgi, ƙurrr. Wani ya wuce dab da gwiwar hannuna. Ban san yadda nake kauce musu ba.

"Ilona."

Yanzu muryar ba ta dusashe ba. Ta jiƙe. Kamar mai magana da ruwa a baki.

"Ilona."

Na ja.

Ban san tsawon lokacin ba. Cikin jirgin ya gurji yashi. Na jefar da filafili, na fita ta gefe, na faɗa ruwa iya gwiwa, na tashi. Na taka zuwa tudu ina kallon gabana. Motata tana nan, taku ashirin daga inda na fito. Na shiga, na tayar, ban kalli madubi ba har na hau kwalta.

Gidan Aili na nufa, yayar Reino, don ta fi kusa. Ta buɗe ƙofa ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke da ake cewa kin fi mu hankali," ta ce, ta jawo ni ciki.

Ta cire mini jiƙaƙƙun kaya kamar yarinya, ta lulluɓe ni da bargo biyu a gaban murhu, ta dama mini madara mai zafi. Na gaya mata komai. Ba ta ce mafarki na yi ba, ba ta ce sanyi ne ya taɓa mini kai ba.

"Kakarmu takan ce ruwa yana aron muryar wanda ya ci," ta ce. "Da ita yake farautar na gida. Gara da ba ki juya ba."

"In kuma shi ne fa, Yaya?"

"Ƙanena ba zai ce ki juya a cikin jirgi ba. Ko a kujerar coci kika waiga sai ya yi miki tsawa."

Da safe muka koma da motarta. Jirgin yana nan inda na bar shi, raɓa ta daskare a kansa. Jarkoki uku a ɗaure a kujerar baya, babu wadda ta goce. Kyamarar ta mutu, batir ya ƙare, amma ruwa bai shige ta ba. Gordy bai yi ƙarya ba.

Na yi kwana huɗu ban kalla ba. Ranar Alhamis da la'asar Aili ta zo gidana da gurasar nama, ta ce ko mu kalla tare ko ta jefa abin a murhu. Muka zauna a teburin kicin, na sa katin kyamarar a kwamfuta.

Hoton ya fito tas. Ga ni ina fama da tuƙi, ga ni ina jiran kifi. Aili ta ce, "Dubi hanci kamar tumatir." Muka wuce gaba zuwa inda rana ta faɗi.

An ga hoton ya ɗan motsa lokacin da goshin jirgi ya ɗaga. An ga na daskare. A bayan kafaɗuna babu komai sai shuɗin jarkoki, daga farko har ƙarshe. An ji na ce, "Reino?" An ji na ce ba zan iya ba. Amma muryar da ta ce in juyo, kyamarar ba ta ɗauke ta ba ko sau ɗaya. Ina magana ni kaɗai, ina amsa shiru.

Sai wurin da na fara karkata kaina.

"Zauna daidai, Malama."

Aili ta dafe teburin. Murya ce ƙarama, can ƙasa da ƙarar ruwa, amma ta Reino ce, babu shakka. Na ƙara sauti.

"Kada ki juyo. Ba ni ba ne. Kada ki saurare shi."

A hoton ina ƙara karkata. Ruwa ya zubo.

"Haba, Ilona. Kanki. Yauwa. Yauwa, haka."

Ban ji ko ɗaya daga cikin wannan ba a ranar. Yana bayana yana ta magana, ni kuwa ɗayan kawai nake ji.

Muka ci gaba da kallo. Duk tsawon komawar yana tare da ni. Ya ce hagu, sai a ga na ja hagu. Ya ce akwai kututture a dama, sai a ga na kauce. Kunnena bai ji shi ba, hannuwana ne suka ji. A wurin da hannuna ya mutu, inda aka ce ni na bar shi, sai ya ce, "Ni na ƙi ɗaukar jarka, don ƙyuya. Ja, Malama. Ja mu tafi."

Aili tana kuka ba sauti. Ni ban iya ba tukuna.

Jirgin ya gurji yashi. An ga na fita ta gefe, hoton ya girgiza, ya tsaya. Kujerata babu kowa. Kujerar baya jarkoki. Ana jin takuna a ruwa, sannan a kan tsakuwa, ina nisa.

"Kin yi furfura a ƙeya," in ji shi, a hankali, kamar mai mamaki. "Yaushe?"

Na tsayar da hoton. Aili ta tashi ta zagayo bayana, ta sa yatsu ta buɗe gashina. Ta daɗe tana dubawa.

"Ga ta nan," ta ce. "Faɗin tafin hannu. Ni ma ban lura ba."

Ban sake shiga ruwa ba tun daga ranar. Jirgin ban sayar ba, yana rumfar Aili a kife. Mutane sun ce na ƙara yin shiru, ɗalibaina kuma sun lura cewa in aka kira ni daga baya, sai na tsaya cak na ɗan lokaci kafin in waiga.

Hoton ban cika kallonsa duka ba. Ƙarshen kawai nake sawa, wani lokaci da safe kafin in tafi aiki. Bayan tambayar tasa ana jin an rufe ƙofar mota, ana jin na tayar na tafi. Shi kuwa bai ƙara cewa komai ba, amma numfashinsa yana nan, irin na mai jiran amsa. Na ƙirga. Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya yana jira, sannan batir ya mutu.